Muryar Auta a Gidan Duhu

"Cire hannunka daga kan kwamfutar nan!"

Auta ce ta faɗo shagon gyaran waya tana haki, mayafinta na jan ƙasa. Dogo bai ɗago ba.

"Zuciyata, ki bar ni in goge shi..."

"Wallahi ka goge wasan nan, ni ka goge!"

Wasan nasu ne su biyu. Shi ya haɗa shi a tsakanin gyaran wayoyin mutane, ita ta ba shi murya. Ba hoto ko ɗaya, allo baƙi ƙirin: kana cikin gida mai duhu, muryar mace na gaya maka inda za ka sa ƙafa. In ka mutu sai ka koma farko, ɗakunan kuma sun sauya wuri, haddarka ta tashi a banza. Suka sa shi a intanet, ko kare bai shinshina ba.

Sai 'yar mai shagon, wadda kullum take kawo wa Dogo gyaran wayar da lafiyarta ƙalau, ta kai wa Baban Auta gulma: wai muryar 'yarsa na cikin aljihun kowane ƙato, tana cewa "matso kusa, ina nan."

"Baba ya ce ko a cire muryarki ko in haƙura da ke," in ji Dogo. "In an cire ta me ya rage? Gara in goge duka."

"Sai in aure ka kana kallona kamar wadda ta kashe maka ɗa?"

Ta zauna, ta miƙe, ta sake zama. Sai ga inuwa ta toshe ƙofa.

Baba ne, tsohon direban babbar mota. Namiji ke nan! Bai taɓa zama a aji ba, amma mota ta kife da shi ya fito yana kaɗe riga, maciji ya sare shi macijin ne ya kwanta jinya. Irinsu an daina yi.

"Ke, nan kika gudo? Kai kuma ba ni abin in ji da kunnena!"

Dogo ya miƙa masa waya, ya sa masa abin ji a kunne.

"Baba, in ta ce dama, sai ka danna..."

"Ni za ka koya wa hanya?"

Muryar ta ce a hankali, "Tsaya. Akwai rami."

"Ni za ki ce wa tsaya? Ni na haife ki!"

Ya danna gaba. Wayar ta yi ƙara, ta yi tsit.

"Me ya faru?"

"Ka mutu, Baba," in ji Auta.

"Ubanki ne ya mutu!"

"Ai shi na ce..."

Dogo ya cusa kai ƙarƙashin tebur, wai yana neman sukurdireba.

"Mayar da ni ciki!"

Aka mayar da shi.

"Kai! Ɗazu ƙofa tana nan! Wane ɓarawon ya ɗauke ta?"

Ya sake mutuwa. Ya sake. Gumi ya jiƙa masa wuya, ya janyo kujera ya zauna. Auta na murza bakin mayafi. Can sai ta jiyo muryar ta ce hagu, ta ga yatsan Baba ya bi hagu. Ya ɓace a wani lungu, numfashinsa ya yi sama, muryar ta ce, "Matso kusa, ina nan."

Baba ya ɗago ya dubi 'yarsa, idonsa ya kaɗa.

"Ashe jagorar makaho kike yi..."

Ya share ido da sauri, wai ƙura ce.

"Kai Dogo, wa ya taɓa fita daga gidan nan?"

"Babu, Baba. Masu shiga ma ba su da yawa."

"To ni zan fara. Ka turo iyayenka. Wanda kuma ya taɓa muryar nan, da ni zai yi!"

Auta ta durƙusa, kuka da dariya suka haɗe mata.

"Baba na gode! Allah ya ƙara girma, Allah ya..."

"Ke dalla rufe min baki, ba na jin abin da kike cewa a wasan!"