Warin Sabon Obin

Sufeto Yuguda bai ko ajiye hularsa ba wani mutum ya faɗo ofis yana haki. Ya ce sunansa Rufus, daga Majidaɗi, wai matar ƙaninsa ta sa wa uwarsu guba a kek, ga tsohuwa can asibiti ba ta san inda kanta yake ba.

Shi dama Yuguda ba ya iya zama wuri ɗaya. Duk ofishin, kujerarsa ce kaɗai ba ta lotsa ba. Ya kira Kofur Simeon, suka haye babur sai asibiti.

Mama Mabel na kwance, yawu na zuba, ƙirji na sama da ƙasa. Likita ya ja Yuguda gefe ya ce an wanke mata ciki ba a ga kek ba, ba a ga komai ba. Lalube kawai yake yi, allurar da za ta yi maganin wata guba za ta iya ƙarasa ta idan wata gubar ce daban.

"Ka samo mini abin da ya shige ta, Sufeto. Ba ta da lokaci mai yawa."

A bakin gadon ɗanta Tobiya ke zaune, ya dafe kai. Shi ne mijin wadda ake zargi, mai kula da sito ne a wani kamfanin auduga da ke Mutum Biyu. Yuguda ya tambaye shi ko ya san abin da uwarsa ta ci. Ya girgiza kai, ya ce yana wajen aiki aka aiko masa.

Da suka isa Majidaɗi, tun daga ƙofar gidan Tobiya warin ya tare su. Wari ne mai kama maƙogwaro, ba na ƙonannen abinci ba. Simeon ya toshe hanci da hula, Yuguda ya banka tagar kicin da ƙafar tsintsiya.

Ga dalilin rigimar nan a kusurwa: sabon murhun gas fari fat, mai obin na gasa kek a ƙasa, irin wanda matan ma'aikata suka fara yayi tun da Jalingo ta zama babban birnin jiha. Yuguda ya buɗe obin. Wayam, ko ɓurɓushin fulawa babu. Amma ƙasan kicin ya cika da matattun kyankyasai da ƙudaje, har da tsaka guda ta faɗo daga bango ta sandare. Kusa da ƙofa ga faifan wake, an tsince rabi an bar rabi.

Yuguda ya ce wa Rufus, da ya biyo su, idan kek ne ya yi wannan aiki, to har tsaka an yanka wa nata. Rufus ya yi ƙasa da kai ya ce shi dai bai ga kek ɗin da idonsa ba, maƙwabta ne suka ce.

Rebeka, matar Tobiya, na ɗaki dangin miji sun kulle ta. Ido ya kumbura, murya ta dushe. Ta ce tun ranar da murhun ya shigo gidan yake wannan wari. Ba abin da ba ta yi ba: ta wanke da omo, ta goge da lemon tsami, ta sa gawayi ya kwana a ciki, ta yanka albasa. Ƙarshe har shayi sai ya ɗauki warin.

"Kin taɓa kunna obin ɗin kafin yau?"

"A'a, Yallaɓai. Mijina, Baban Joan, ya hana ni. Ya ce sai injiniya ya zo."

"To me ya sa kika kunna?"

"Na gaji ne. Na je wurin mai shagon, ya ce in kunna shi ba komai ciki, warin sabunta ne, zai ƙone ya tafi."

Ta kunna, ta tafi ɗebo ruwa, ta bar Mama na tsintar wake. Tsohuwa mai jin sanyi ce, ita ta tura ƙofa. Da Rebeka ta dawo a ƙasa ta same ta. Tana faɗa tana kuka, kuma gaskiya tausayinta ya kama Yuguda, sai dai bai nuna ba. Ya ce a buɗe mata ƙofa, wanda ya sake kulle ta shi zai kwana a bayan kanta.

Ya koma asibiti ya kira Tobiya baranda. A ina aka sayi murhu? Shagon Alhaji Sada. Daga can ina aka kai shi? Gida kai tsaye, in ji Tobiya. Wane injiniya ake jira? Nan ya ɗan yi inda-inda, ya ce wani ne a Mayo Gwoi, sunan ya ɓace masa. Ta taga Yuguda ya hango likita yana sake ɗaura wa tsohuwa ruwa. Ya bar Tobiya nan ya nufi shagon.

Alhaji Sada na ganin kaki ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. I, shi ya ba matar shawara, kuma duk wanda ya sayi obin haka yake gaya masa. Sabon obin yana warin fenti da maiƙon masana'anta, wuta ɗaya ke korar sa. Ya buɗe wani a shagon ya ce Sufeto ya shinshina. Yuguda ya sa hanci. Warin fenti ne kawai, ko kusa bai yi kama da na gidan ba.

"Ku kuka kai masa gida?"

"Ina, ai bai yarda ba. A-kori-kurar kamfaninsu ya sa aka ɗora wa, suka yi hanyar Mutum Biyu. Har na ce masa, Malam Tobiya, gidanka ba nan bayanmu yake ba?"

Yuguda bai tsaya sallama ba. Ya aika Simeon ya ɗauko Tobiya daga asibiti, shi ya wuce Majidaɗi da sukundireba da ya ara a shagon.

Ya ɗaure hanci da hankici ya janyo murhun daga bango. A baya, can ƙasa, akwai faranti na ƙarfe da aka ɗaure da sukurori. Murhu sabo dal, amma kawunan sukurorin duk sun goge, wani ma ba irin sauran ba ne. Yana cikin kwancewa Simeon ya shigo da Tobiya. Rufus da Rebeka na tsaye a tsakar gida.

Faranti ya faɗo. A ramin da ke ƙarƙashin obin an jera gwangwanayen maganin feshin auduga, kowanne da hatimin sito. Ɗaya ya daɗe yana yoyo, wani kuma zafi ya kumbura shi ya tsage, maganin ya ƙone ya yi baƙi a jikin ƙarfe.

Yuguda ya naɗe gwangwani ɗaya mai lafiya a buhu ya miƙa wa Simeon. Ya ce ya kai hannun likita, kada ya tsaya ko gaisuwa a hanya. Sannan ya juyo.

Tobiya ya zame ya zauna a ƙasa. Bai yi gardama ba. Ya ce daga sito ya kwashe, zai sayar wa masu zuba shi a ruwa su kama kifi. A shingen hanya 'yan sanda na soka buhu suna buɗe jarka, amma ba mai taɓa sabon murhu a kwalinsa. Wannan magana ta yi wa Yuguda zafi, don yaransa ne a shingen.

"Oga, wa ke kunna obin a garin nan? Kowace mace tukwane take ajiyewa a ciki. Na ɗauka za ta yi amfani da na sama kawai, kamar kowa."

"Wannan ka faɗa wa alƙali. Ni tambayata ɗaya ce. Da safe likita na tambaya me ya shige ta, kana zaune a bakin gadon. Ka sani ko ba ka sani ba?"

Rufus ya daka wa Tobiya tsawa.

"Na sani," in ji Tobiya. "Na ce ko za ta farfaɗo da kanta."

Rebeka ta juyo gare shi. Kallonsa kawai take yi, mutumin da ya bari 'yan'uwansa suka kulle ta suna kiranta mai kisa.

Yuguda na sa masa ankwa aka ji ƙarar babur. Simeon ya shigo, buhun har yanzu na hannunsa. Ya cire hula tun daga zaure.

Ya ce likita ya karanta jikin gwangwanin, ya ce allurar wannan maganin tana nan a kabad ɗinsa tun safe. Amma kafin Simeon ya isa an riga an lulluɓe Mama.

Rufus ya dafa bango. Rebeka ce ta fara kuka. Tobiya ya roƙi a bar shi ya je ya ga uwarsa ko sau ɗaya, har yana kama ƙafar wandon Sufeto.

Yuguda ya ɗaga shi tsaye.

"Wuni guda kana zaune kusa da ita," ya ce. "Simeon, tafi da shi."