Marayan da Uwarsa Ta Zo Gaisuwa

Tun hantsi keken Mai Ɗinki bai yi motsi ba. Tana zaune a falo da littafi a cinya, tana share hawaye da ƙyallen rigar wata kwastoma. A haka Ɗan Gaye mai aski ya same ta. Shekarunsa hamsin ba biyu, amma wallahi in ya sha guga ya fesa turare, talatin da biyar ma sai an yi masa sharri. Wata shida yana neman aurenta, tana ta ja masa rai.

"Subhanallahi! Wa ya mutu?"

"Marayun littafin nan," ta ce tana jan hanci. "Wa da ƙanwa, suna kwana a ƙarƙashin teburin aji, amma ba su bar karatu ba. Na tuna 'ya'yana biyu da ubansu ya rasu ya bar mini. Na yanke shawara, ba zan auri wanda bai san zafin maraici ba!"

To jama'a, ku yi adalci. Me bawan Allah zai ce?

Ɗan Gaye ya sunkuyar da kai. "Ai na karanta shi sau uku. Kamar da ni aka rubuta. Ban san ɗumin uwa ba."

Ko bangon littafin bai taɓa gani ba. Inna kuwa, mahaifiyarsa, tana gida garas, ita ta kore shi da safen nan saboda ya cinye mata ƙanzo.

Mako guda ya sha gata. Filo a baya, shayi da madara, har riga aka ɗinka masa kyauta, wai a faranta ran maraya. Amma duniya ba ta son ganin mutum cikin daɗi. Rannan yana kurɓar shayi sai ya ji sallama, da ƙarar wata sanda da ya sani tun yana yaro.

"Sannunku," in ji tsohuwar. "Ni ce marigayiyar. Maƙwabta sun ce na rasu, shi ne na zo yi wa ɗana gaisuwa."

Kofi ya suɓuce. "Inna! Sori, Inna, ai—"

"Rufe mini baki, ja'iri! Wata tara na ɗauki wannan ƙaton kai, ka binne ni ko likkafani babu?"

Mai Ɗinki ta miƙe, idonta ya kaɗa. "Da uwarka a raye? Fitar mini daga gida!"

"A'a 'yata, kora ai hutu ne gare shi," in ji Inna tana gyara zama. "Ba ya ce ya karanta littafin ba? Kullum da la'asar ya zo ya karanta mana babi ɗaya, a tsaye. In ya kai ƙarshe, sai ki yi hukunci."

Babi ashirin da huɗu! Ga sanda tana jiran tuntuɓen harshe, ga 'ya'yan Mai Ɗinki mata biyu suna ƙunshe dariya. Wannan zalunci da me ya yi kama?

Ya daure. A babi na goma sha tara, inda ƙanwar ta ɓoye ɗankwalin uwarsu tana shinshinawa har ƙamshin ya ƙare, sai ya sauke littafin. Ya dubi ƙaramar 'yar Mai Ɗinki, ya ga ta daina dariya, ta kifa kai a gwiwa. Ya dubi Inna. Sai ga ƙato a durƙushe yana kuka wiwi.

"Ki yafe mini, Inna."

"Na yafe. Tashi, kana jiƙa mini ƙafa."

Ya matsa ya dafa kan yarinyar, ya ci gaba da karatu a hankali. Mai Ɗinki ba ta jira babi na ƙarshe ba.

"Gobe ka zo in auna ka," ta ce tana kallon ƙasa. "Ango ba ya sa tsohuwar riga."

Yanzu in ka je aski zai rantse maka duk dabararsa ce, kuma ni ban ga dalilin ƙaryata shi ba. Sai dai samari, ku riƙe wannan: ƙarya ta ba shi shayin mako guda, haƙuri ya ba shi mata da 'ya'ya biyu. Kuma kafin ka kashe uwarka da baki, ka tabbata ba ta san hanyar gidan budurwar ba.