Malam Yes da Jan Biro

Ranar da Pyo Dahye ta fara ganin Ham Seokju, jan biro ne a hannunta, shi kuma yana tsaye gaban allon sanarwa yana sha'awar aikin hannunsa. Sabon malamin labarin ƙasa ne da aka turo makarantar 'yan mata ta garinmu Gunsan. Shugabar makaranta ta ɗora masa aikin taya Dahye kula da 'yan ajin ƙarshe a darasin karatun Turanci na safe, shi kuwa don zumuɗi ya rubuta sanarwa da Turanci ya liƙa. Layi biyar kacal. Dahye ta karanta ta bayansa ta ƙirga kuskure tara.

Ta miƙa hannu ta gefen kafaɗarsa ta hau zagaye kurakuran ɗaya bayan ɗaya, har takardar ta koma ja. Da ya juyo, maimakon ya ji kunya kamar kowane mai hankali, sai ya tsaya yana kallonta.

"Malama, zagayenki yana da kyau," in ji shi. "Kamar da ƙoƙo kika zana."

Haushi ya turnuƙe ta. Ta shiga aji tana ayyanawa a ranta cewa an haɗa ta da aiki.

An kuwa haɗa ta. Jarrabawar shiga jami'a saura wata takwas, 'yan mata talatin suna fama da nahawu da kalmomi hamsin na hadda a kullum, ga wanda aka ce ya taya ta ya samu kujera a baya ya zama ɗalibi na talatin da ɗaya. Ya sayi littafin gwaji irin nasu. Yana ɗaga hannu. In ta ba da aikin gida har da shi ake yi, kuma shi ne yake zuwa na ƙarshe. Amma duk safiya za ta tarar da kofi mai zafi a kan teburinta da 'yar takarda da Turancinsa na Allah-ya-kyauta, ta gyara ta mayar masa, ya ninke ya sa a aljihun ƙirji.

Ita kanta ba ta san ranar da ta fara duba teburin kafin ta ajiye jaka ba. 'Yan matan dai sun riga ta sani. Ba a yi wata uku ba suka fara tambayarta yaushe za su ci taliya, don a nan in an ce za a ci taliyar wance, bikinta ake nufi. Ta ƙara musu kalmomi ashirin na hadda, suka karɓa suna dariya.

Shi yana kiranta Jan Biro. Nasa sunan kuwa rigima ce ta jawo shi.

Sun yi alkawari duk ranar Laraba da Turanci kawai za su yi saƙo, don ya samu ya goge. Wata Laraba aka tsegunta mata an ga Malam Ham a gidan abinci da malamar kiɗa. Ta rubuta masa da Turanci cewa, ba ka fita da ita jiya ba, ko? Amsa ta shigo nan take.

"Yes."

Kwana uku ba ta kalli inda yake ba. Kofi ya yi ta hucewa a kan tebur. A rana ta huɗu ya gaji ya rubuto da harshenmu:

"Jan Biro, na rasa laifina. Kin ce ban fita da ita ba ko, na ce e, ban fita ba. Ni ko sunan malamar ban gama riƙewa ba. In wani kuskuren ne ki zagaye mini shi kawai, amma ki daina wuce ni kamar turken wuta."

Dahye ta dafe kai. Abin da take koyarwa ne duk shekara, kuma ita ce ta faɗa ciki. Mu in aka ce ba ka ci abinci ba, kuma ba ka ci ɗin ba, e kake cewa, wato maganar mai tambaya gaskiya ce. Bature kuwa no zai ce, in ya ce yes to ya ci ke nan. Ta amsa masa:

"Malam Yes, za ka kashe ni da raina. Gobe ka zo da littafinka, shafi na sittin da biyu."

Ta koya masa shafin nan ya fi sau ashirin. A takarda yana cinyewa tsaf. Amma da zarar ta jefo masa tambayar ba zato yana cikin cin abinci, sai yes ta kuɓuce masa. Abin yana ba ta takaici ne saboda ta san wanda yake jiransu a gida.

Mahaifinta, tsohon Malam Pyo, shekara talatin da shida ya yi yana koyar da Turanci. Rabin garin nan sun sha jan bironsa. Mai sayar da kifi a kasuwa har yau in ya hango shi sai ya gyara tsayuwa. Tun Dahye tana 'yar shekara shida ya kafa doka cewa a wurin karin kumallo Turanci kaɗai ake yi a gidan, kuma ko da mahaifiyarta ta rasu shekara huɗu da suka wuce, suka rage su biyu, dokar ba ta motsa ba. Dahye ta riga ta faɗa wa Seokju gaskiya: tana sonsa, amma ba za ta yi auren da tsohon nan bai sa wa albarka ba.

Shi kuma tsohon yana da nasa ɗan takarar. Wani tsohon ɗalibinsa ne, Gyumin, wanda ya yi karatu a waje ya dawo ya buɗe makarantar lesin a layin bayansu. Turanci a bakinsa kamar rediyo. Don abin ya cika ban haushi, sunan gidansu ma No ne. Duk Lahadi yana zuwa da kwalin 'ya'yan itace, su zauna da tsohon suna ta zuba, Dahye tana kai shayi tana cije leɓe. Malam Pyo yakan ce Gyumin yana nan ba inda za shi, malamin gwamnati kuwa yau yana nan, gobe takarda ta zo an cilla shi wani gari.

Da ƙyar da roƙo ya yarda zai ga Seokju, sau ɗaya, kuma da Turanci za a yi ganawar.

Dahye ta shirya shi kamar mai shiga babbar jarrabawa. Ta hana shi shan miyar ciyawar teku a safiyar, kada santsinta ya zamar da shi. Ta ba shi alewa mai danƙo don amsa ta manne. A bakin ƙofa ta gyara masa wuyan riga ta ce, "Don Allah, duk abin da ya tambaye ka, ka amsa da cikakkiyar jimla. Kada ka ce yes, kada ka ce no. Ka ji ni?"

"Na ji, Jan Biro."

Ya shiga ya durƙusa ya kai goshi ƙasa. Da farko abin ya tafi daidai. Ya faɗi garinsu, ya faɗi aikin iyayensa, yana gumi yana haɗa jimla kamar mai ɗora bulo. Dahye tana gefe tana ƙirga kurakurai a zuci, ta ga ba su wuce a yafe ba. Can sai tsohon ya cire tabarau, ya sassauta murya. Ya tambaye shi da Turanci: ba za ka taɓa barin 'yata ba, ko?

Seokju ya ɗago, idonsa ya ciko. Ya dafa ƙirji.

"Yes," ya ce da dukkan zuciyarsa. Don kada a yi shakka ma ya ƙara, "Yes, yes."

Dahye ta ji kamar ta ɗauki butar shayi ta kwaɗa masa. Malam Pyo ya mayar da tabaransa, ya ce ya gode da aka faɗa masa gaskiya tun da wuri, ganawa ta ƙare.

A waje ta balbale shi da faɗa har ya rasa inda zai sa kansa. Ta koma ciki ta balbale tsohon ma, cikin ladabi dai, ta ce Baba ai ka san abin da yake nufi, kai ka koya mini wannan kuskuren. Ya ce shi abin da aka faɗa yake yi wa maki, ba abin da ake nufi ba. Ya ƙara da cewa ya yi wa Gyumin wannan tambayar, ya amsa daidai ko ƙifta ido bai yi ba.

Seokju bai yi zuciya ba. Ya zauna ya rubuta wa tsohon wasiƙa da Turanci, shafi biyu. Bayan kwana biyu ta dawo jajir, da maki arba'in da ɗaya a sama. Ya sake wata, ya samu hamsin da uku. Ya turo wa Dahye hoto:

"Kin gani? Ina hawa. In na ci gaba a haka, kafin mu yi furfura zan kai tamanin. Ki ci abinci, kin rame."

Ta yi dariya, sannan ta fashe da kuka, don ta gaji. Gefe guda ga 'yan mata talatin da jarrabawarsu ta ƙarato, gefe guda ga maza biyu masu taurin kai, ɗaya ya ƙi koyon ƙa'ida, ɗaya ya ƙi sauka daga kanta.

Aka yi jarrabawa a watan Nuwamba, 'yan matan suka huta. Ranar Lahadin da ta biyo baya, wajen karin kumallo, Malam Pyo ya sanar da ita da Turancinsa mai tsabta cewa iyayen Gyumin suna son a haɗu a ci abinci. Dahye ta ajiye cokali. Ba ta shirya komai ba, maganar ce kawai ta taso mata. Ta ce ba za ta auri Gyumin ba, kuma ba za ta auri Seokju ba tunda bai yarda ba, za ta zauna a gidan nan. Ta kalli kujerar mahaifiyarta, amma ba ta karya dokar gidan ba. Da Turanci ta tambaye shi: Baba, ba ka so in tsufa ni kaɗai bayan ka tafi, ko?

Tsohon ya dubi 'yarsa.

"Yes," ya ce a hankali.

Shi ya fara jin abin da ya fito daga bakinsa. Kunnuwansa suka yi ja. Dahye ta share hawaye, ta zaro jan biro daga aljihu ta ajiye a gabansa kusa da kwanon shinkafa.

"Baba, kana so ke nan?" Wannan karon da harshenmu ta yi.

"Ke ma kin san abin da nake nufi."

"Ni abin da aka faɗa nake yi wa maki."

Ya daɗe yana juya biron a hannu. Shekara talatin da shida bai taɓa yin wannan kuskuren a gaban kowa ba. Daga baya ya ce, kamar da kansa yake magana, shi Gyumin da ya amsa daidai, ashe ya samu sukunin tuna ƙa'ida ne don tambayar ba ta taɓa zuciyarsa ba. Ya miƙe ya buɗe durowa, sai ga kwafin wasiƙun Seokju duka, ashe yana yi musu hoto kafin ya mayar masa da su, ya jera su a tsare.

"Ki ce wa yaron nan ya zo ya ci abincin rana," in ji shi. "Kuma ki ce masa da harshen uwarsa zai yi magana. Kunnena ya gaji."

Ta rubuta wa Seokju saƙo:

"Malam Yes, ka zo yanzu. Ka ci jarrabawa, amma ba don ƙoƙarinka ba. Kada ka yi Turanci ko a mota."

An yi bikin da bazara. 'Yan matan talatin suka cika tebur uku, suka ci taliyar da suka daɗe suna tambaya har da ƙari. Gyumin ma ya aiko da furanni da katin da babu kuskure ko ɗaya a cikinsa.

Malam Pyo ya riƙo hannun 'yarsa ya kawo ta gaban ango. Kafin ya saki, ya dubi Seokju ta saman tabarau ya ce da harshenmu, yadda kowa zai ji, "Ba za ka bar ta ba, ko?"

Seokju ya waiga wajen amarya yana neman ceto, gumi ya tsatsafo masa. Dahye ta rufe ido ta ce a ranta yau ma sai ya kunyata ta.

"Baba," ya ce, "da wane harshe zan amsa?"

Zauren ya ɗauki dariya. Tsohon bai yi ba, sai da ya ɗora hannun 'yarsa a cikin na Seokju ya haɗa ya matse.

"Ka riga ka amsa tun ranar farko, ni ne na ƙi ji. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya ba 'yata haƙurin zama da kai. 'Ya'yanku dai ni zan koya musu Turanci."