Kwalin Taba a Motar Sammani

Ranar da Sammani ya fara zama a kujerar Muhsina, a ɗan asibitin haƙori na Ƙofar Sauri, kumatunsa a kumbure yake kamar ya ɓoye goriba.

"Kara nawa kake sha a rana?" ta tambaye shi.

"Likita, ni ko warin taba ba ni so."

"Malam, ga tsatsa a bayan haƙoranka, ga dasashi ya yi baƙi."

Ya sunkuyar da kai. "Goma."

Muhsina dai ba a yi mata ƙarya a kwana lafiya. Ta wanke masa haƙora, ta sa ya zaɓi ranar dainawa, ta ce duk sanda sha'awar ta taso ya kama asuwaki, ya turo mata saƙo. To, saƙon ne ya zarce gona da iri.

"Yau kwana arba'in, Likitata. Taba ta fita, kin shigo, ke kuma ba ni da ranar daina ki."

Da maganar aurensu ta taso, mahaifinta, Alhaji Dabo, ya ƙi atafau. "Ɗiyata ba ta auren mashayi. Mai hali ba ya fasa halinshi." Da ƙyar ya amince, bisa sharaɗin in aka ga Sammani da ko kara ɗaya, magana ta mutu.

Ana saura sati uku ɗaurin aure, ta buɗe aljihun motar Sammani tana neman tishu, sai ga kwalin taba, an sha rabi. Ta ɗaga kwalin ta nuna wa Sammani.

"Na wane ne?"

"Wallahi ba nawa ba ne, Sahibata."

"To na wa?"

"Amana ce."

Washegari ta sa shi ya buɗe baki. Haƙora tas, dasashi ja. Amma zargi ba ya rasa ƙofa. Ashe ba Iklima, abokiyar aikinta mai yawan yi masa murmushi, za ta iya wanke masa a ɓoye ba? Zuciyarta na ƙuna ta tura masa: "Na yafe taba, ban yafe ƙarya ba." A gida kuma ta faɗa wa mahaifinta ta fasa.

Da hantsi sai ga Alhaji Dabo a asibiti, mutumin da kullum goro ke bakinsa, bai taɓa yarda ta duba shi ba. Ya hau kujera da kansa.

"Duba, ɗiyata."

Ta haska fitila. Tsatsar shekaru ce, wadda goro ba ya yin irinta.

"Kwalin nawa ne," ya ce a hankali. "Yaron nan tun ranar gaisuwa ya gano ni. Kullum sai ya amshe mani, ya miƙo asuwaki. Ya gwammace ya rasa ki da ya tona mani asiri."

Kunya da tausayi suka rufe ta, hawaye suka jiƙa takunkumin fuskarta.

"Baba, kara nawa a rana?"

"A da goma. Yanzu biyu."

"Sai ka zaɓi ranar dainawa."

"Ranar ɗaurin aurenki."

Kafin ya sauko ta tura saƙo: "Ka yafe mani, Angona."

Amsa ta zo nan take: "Asuwaki na bakina, ina ƙofar asibiti."

Ranar Asabar aka ɗaura a Ƙofar Guga. Da aka shafa fatiha, Alhaji Dabo ya riƙe hannun Sammani ya ce, "Allah ya yi maku albarka." Sannan ya zura masa kwalin ƙarshe a aljihu, ko buɗe shi bai yi ba.