Layi na Arba'in

Kwana uku injiniyar tana farautar kuskure a can cikin zuciyar manhajar kwamfuta. Duk sanda wata na'ura ta katse aiki tana neman a kula ta, sai komai ya daskare, ga shi gobe za a karɓi aikin.

Daren nan ita kaɗai ta rage a ofis. Fankar kwamfutar ta yi tsit. Kujerar bayanta ta yi ƙara, kamar an zauna.

"Na toshe katsewar a layi na arba'in na manhajar tun ina rubuta ta, na manta ban buɗe ba," in ji wata murya marar numfashi. "Laifina ne, Gimbiya. Gyara, ki je ki huta."

Ta kasa waiwayawa, hawaye na ɗiga kan madannan kwamfutar. Mijinta kaɗai ke kiranta Gimbiya, kuma bara da hannunta ta rufe masa ido.