Wa Ya Hura wa Motar Torsten?

Da safiyar Lahadi aka kira Sufeto Agneta Holm. An tsinci gawar tsohuwa Dagmar a hanyar coci, kekenta a lanƙwashe cikin kwata. Wanda ya buge ta ko waiwaye bai yi ba.

Kafin rana ta take, Agneta ta gano motar, fitilarta a fashe. Ta Torsten ce, mai sayar da kifi. Ai ta san shi kamar yunwar cikinta, ita ta kama shi bara yana tuƙi a buge. Kotu ta bar masa lasisi bisa sharaɗi biyu: duk Talata ya zauna ajin da ake koya wa irinsa hankali, sannan a ɗaura wa motar na'urar da sai an hura mata numfashi marar giya take tashi.

Ta same shi yana ta warin giyar da ya sha a wani biki jiya. Ya ce shi barci yake yi, kuma ta yaya mai maye zai ta da wannan motar? Matarsa Majken ta yi caraf ta ce ita ta tuƙa, a tafi da ita. Agneta ta ji takaici, don in wannan ƙarya ta zauna, Majken ce za ta sha ɗauri, gogan kuwa ya koma kan titi.

Ta miƙa mata makulli. "To Majken, ta da min ita in gani."

Majken ta hura har idonta ya yi ja, mota ta ce ba ta san zancen ba. Abin yana da salo: a hura, sannan a zuƙa. Sai wanda aka koya wa.

Agneta ta ce, "Ba ki taɓa ta da motar nan ba. Shi kuma yana buge. Wa ya iya hura ta a unguwar nan?"

Majken ta kalli gidan maƙwabci.

Sune ne, abokin zaman Torsten a ajin Talata. Ya daina sha tun bara, saura ƙiris a cire masa tasa na'urar. Da farko ya rantse bai fito ba, amma da ya ji Dagmar ce motar ta kashe sai ya faɗi gaskiya. Ya ce Torsten ya roƙe shi da asuba, wai kifi zai lalace, shi kuma ya hura masa don kunya.

Aka fito da Torsten, ya sunkuyar da kai ya ce shi ne.

Da ake sa su a motar 'yan sanda, Sune ya ce, "Sufeto, ni fa ko kurɓi ban yi ba."

"Na sani," in ji Agneta. "Shi ya sa motar ta tashi."