Ƙunshin Prudence

Akwai wata yarinya a Kankia da ba ta manta ranar da ta fara ganin Prudence ba. Prudence baƙuwa ce a ajinsu. Babanta ma'aikaci ne da aka kawo Kankia daga kudu. Tana zama, ta kama hannun yarinyar tana kallon lalle.

"Kai, ya yi kyau! Za ki yi mini?"

"Ni ce gwanar ƙunshi a gidanmu," in ji yarinyar.

Ranar Asabar Prudence ta zo. Inna, mahaifiyar yarinyar, ta tafi suna Rimaye. Yarinyar ta kwaɓa lalle, ta shafa mata, ta sa hannun a leda. Ta rasa tsumma, sai ta ɗauko tsohuwar robar keke. Ta ɗaure wuyan hannun tamau.

Can Prudence ta ce, "Ƙawata, kamar ana tsira mini allura."

"Raguwa! Lallen ne ke kamawa. Ki daure."

Prudence ta daure har la'asar. Da Inna ta dawo, ta yi salati, ta kwance robar da sauri. Lalle ya yi jawur. Amma yatsu uku sun sage. Ko cokali Prudence ta kasa riƙewa.

Inna da maman Prudence suka kai ta asibiti. Yarinyar ta bi su tana kuka.

Likita ta duba hannun, ta ce, "Akwai jijiyoyi masu kai saƙo daga yatsu zuwa ƙwaƙwalwa. Ɗauri mai tsanani yana danne su. Da robar ta kwana, da abin ya fi haka."

"Za ta sake yin rubutu?" in ji yarinyar.

"Za ta yi, in sha Allahu. Amma sai an yi haƙuri."

A hanya Inna ta ce, "Ta gaya miki tana jin zafi?"

"Ta gaya mini, Inna."

"To, zafi gargaɗi ne. Wanda ya ce yana jin ciwo, a saurare shi."

Mako biyar yarinyar tana kwafa wa Prudence darasi. Wata safiya Prudence ta ɗauki biro, ta rubuta sunanta da kanta. Ta miƙo hannu tana dariya.

"Gwana, lallen ya goge. A sake?"

Yarinyar ta riƙe hannun a hankali.

"A sake, amma da tsumma sako-sako. Na yi miki alkawari, ko sau ɗaya kika ce zafi, zan kwance."